Yadda Za Ka Gano Soyayya a Ƙwaƙwalwar Magidanta Kafin Satumba

Ɗan'uwa mai binciken ƙwaƙwalwa, kwantar da hankalinka. Shekara goma sha biyu ina manna wa mutane wayoyi a ka a nan Kumasi. Bi matakan nan, hasashenka ba zai taɓa kuskure ba. Da su ne abokina Dakta Ntiamoah ya yi aiki, lokacin da jami'a ta ce ko ya fitar da sakamako kafin Satumba, ko ya kwashe komatsansa.

1. Yi rajista, amma kada ka ce komai

Wai yanzu dole ka rubuta abin da kake zato, ka ajiye a intanet kafin ka fara, don kada ka sauya magana daga baya. To, rubuta mana. Ntiamoah cewa ya yi: "Idan magidanci ya ji muryar matarsa, wani abu zai faru a wani sashe na kansa." Wa ya isa ya ƙaryata?

2. Kula da baƙinka

Magidanta arba'in ya tara, ya sa musu hula mai waya talatin da biyu. Zaman awa biyu ba wasa ba ne, don haka duk sanda zai kunna muryar uwargida sai ya miƙa musu soyayyiyar gyaɗa, su daure.

3. Tankaɗe

Waya talatin ba su nuna komai ba. Biyu na kusa da kunne kuwa sai tsalle suke. Watsar da talatin ɗin, malalata ne. Mutum tara da suka ɓata lissafi, ka ce gyangyaɗi suka yi. Abin da ya rage ka raɗa masa suna: Igiyar Ƙauna.

4. Ɓoye bayananka

Dakta Serwaa, abokiyar aikinsa mai naci, ta tsare shi a ƙofa.

"Yaya, ba ni bayanan duka in duba mana."

"Ƙanwata, kwamfutar ce ba ta da lafiya."

"Tun Maris? Allah ya ba ta sauƙi."

5. Kada ka yarda a gwada a gaban kwamitin jami'a

Nan Ntiamoah ya ba ni haushi. Daɗin yabo ya kwashe shi, ya yarda. Serwaa ta ɗauki hular, ta ɗora a kan shugaban kwamitin, Fada Boakye, limamin Katolika da bai taɓa aure ba. Ba ta kunna muryar kowa ba. Gyaɗa kawai ta miƙa masa. Yana fara tauna, wayoyin nan biyu na gefen muƙamuƙi suka hau tsalle a allo.

"Fada," in ji ta, "ashe kana da mata ba mu sani ba?"

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan ya rasa aiki, babu ruwana, ban san shi ba. Ntiamoah ma da na gamu da shi jiya a tasha da kwalin littattafansa a ka, sai na yi kamar ina amsa waya.