Akwatin da Na Ce Ba Ya Mantuwa

Ba zan taɓa mantawa da wannan abu ba, ko da yake na sha roƙon Ubangiji ya cire mini shi daga kai. Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya faɗa a madadina: ni wawa ne, kuma wautata irin ta mai ganin yana da wayo ce, wadda ta fi kowace iri ɓarna. Aji uku na yi a firamare aka kore ni, saboda hedimasta ya same ni ina kwaikwayon muryarsa yara suna birgima da dariya. Tun daga nan ban sake zama a benci don wani ya koya mini wani abu ba. Ni nake koya wa mutane, ko na sani ko ban sani ba.

Kusan shekara arba'in ina gyaran rediyo a Kafanchan. Da rediyo ya yi ƙaranci sai na koma taɓa waya, taɓa lasifikar coci, taɓa duk abin da yake da waya a cikinsa. Ɗiyata Hannatu tana aikin kwamfuta a Kaduna. Wani hutun Ista ta zo gida, ta ga wata tsohuwar kwamfuta da wani ya kawo gyara ya manta da ita a ƙarƙashin teburina, ta ce za mu iya mai da ita saba, wato akwatin da zai riƙa ajiye hotuna da bidiyo na gida duka, waya ta riƙa zuba masa da kanta.

Mun sha wahala kafin akwatin nan ya miƙe. Ranar farko ya ƙi tashi sam, sai na buɗe cikinsa na ga 'yan kayan wuta biyu da muke ce wa kafasita sun kumbura, na cire su na liƙa sababbi da dalma (nan ne kaɗai a labarin nan da na yi abin kirki, don haka ku bar ni in ji daɗinsa). Ya tashi, sai zafi ya riƙa kashe shi, na ɗaura masa fankar wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Ana ɗauke wuta sai ya mutu a tsakiyar aiki, na ja masa waya daga batirin sola. Bayan Hannatu ta koma Kaduna kuma wayata ta daina ganinsa, kwana uku ina zaginsa, ashe na'urar intanet ce take canja masa adireshi duk lokacin da aka kunna ta. Ta waya Hannatu ta bi da ni, danna nan, rubuta wancan, har ya zauna.

A cikinsa ta sa faifan ajiya biyu, abin da aka rubuta a ɗaya sai ya bayyana a ɗayan. Ta kuma haɗa shi da ma'ajiyar intanet da suke ce wa kilawud. Na ƙirga da yatsuna: waya ɗaya, faifai biyu, kilawud ɗaya. Wuri huɗu. Na tuna ta zaunar da ni ta yi dogon bayani a kan yadda wuraren nan suke bin juna, tana cewa, "Baba, kana ji na kuwa?" Ina gyaɗa kai. A zuciyata kuwa ina tsara yadda zan ba da labarin a coci ranar Lahadi.

Na kuwa ba da shi. Bayan sujada na tsaya a gindin mangwaro na ce wa dattawa ina da akwati a shago wanda ba ya mantuwa, ko gobara ta cinye Kafanchan kaf abin da ke cikinsa yana nan a sama. Mutane suka fara kawo mini hotunan aure, na baftisma, na jana'iza. Ina karɓa ina hura hanci kamar ni na ƙera intanet ɗin.

A lokacin ne Ishaku ya rasu. Ishaku abokina ne tun muna yara a ƙauyenmu kusa da Kwoi. Ni na gudo gari, shi ya zauna yana noman citta, yana jan waƙa a coci fiye da shekara talatin. Da ciwo ya kwantar da shi, ya ɗauki waƙa ɗaya da muryarsa a 'yar ƙaramar wayarsa, waƙar yabo ce da shi ya juya ta zuwa yarenmu. Ban da wannan babu muryarsa a ko'ina a duniya. Bayan an yi jana'iza da 'yan makonni, matarsa Mama Rifkatu ta hau mashin tun daga ƙauye ta zo shagona, wayar a ƙulle a bakin zane. Ta ce ta ji labarin akwatina. Ta ce tsoro take ji kada wayar ta faɗa ruwa, ko ta ɓace a kasuwa, ita kuma ba ta iya kwana sai ta ji shi.

Na cire memorin wayar, ɗan katin da waƙar take ciki, na kwafe waƙar, na buɗe mata folda da sunan Ishaku. Na kunna, na ji farkon, na ce ya shiga, na kashe. Sai na nuna mata a wayata, na nuna mata a akwati, na ɗaga yatsa sama na ce har can ma ya kai. Ta tambaye ni ko ta ci gaba da ɓoye memorin. Ku ji abin da bakina ya faɗa: na ce ba amfani. Na ce jin muryar kullum yana hana ta warkewa, ta bar shi a wurina, duk ranar da take so ta aiko. Don in nuna kirki ma sai na goge memorin tas, na cika mata shi da waƙoƙin zumuntar matan coci, na mayar a wayar. Ta yi ta godiya. Har doya ta aiko mini daga baya, na ci.

Wata biyar ko shida bayan haka na je bikin 'yar ƙanena a Kachia. Ana tsakiyar rawa, ina so in ɗauki tsofaffi suna juyi, sai waya ta ce ta cika. Na tsaya a gefe na shiga goge manyan folda ɗaya bayan ɗaya. Na ga sunan Ishaku, na ce a raina ai kana wuri uku, abokina, ba ni wuri in ɗauki masu rai. Na danna. Na koma fili na ɗauki bidiyo har batir ya mutu.

Da na dawo shago na leƙa akwati, sai na ga wani wuri mai hoton kwandon shara ya cika. Duk wanda ya yi aikin gyara ya san ba a tashi daga tebur sai an share guntun waya da ɗigon dalma. Na zubar da shi. Na shiga kilawud na tarar da irin kwandon, shi ma na zubar. Ya tambaye ni ko na tabbata, har sau biyu. Na ce na tabbata (a rayuwata ban taɓa rashin tabbata ba).

Shekara ta zagayo. Mama Rifkatu ta aiko saƙo cewa za a yi sujadar tunawa a gida ranar Asabar ta sama, tana so in zo da lasifika, a sa wa jama'a muryar mai gida. Na ce an gama. Na buɗe waya, babu Ishaku, na yi murmushi don na san dalili. Na buɗe akwati, babu. Na shiga kilawud, babu. Na cire faifai na farko na bar na biyu, babu. Na kashe komai na kunna, na hura, na bubbuga gefen akwatin kamar yadda nake yi wa rediyo. Hotunan auren mutane da yawa su ma sun tafi, amma waɗannan masu su suna da su a wayoyinsu. Ishaku kaɗai ne ba shi da wani wuri.

Na kira Hannatu. Ta maimaita mini bayanin da na gyaɗa wa kai. Wuraren nan huɗu ba ɓoye wa juna suke yi ba, koyi da juna suke yi. Ka sa abu a ɗaya, duka su sa. Ka goge a ɗaya, duka su goge. Kwandon da na zubar shi ne ƙofar da aka bari don wawa ya dawo ya gyara kuskurensa. Washegari ta hau mota ta zo. Yini guda tana tono a faifan nan da wasu manhajoji, ta fito da guntayen abubuwa da yawa, amma inda Ishaku ya kwanta bidiyon rawar Kachia ya hau kai. Ta tambayi memorin, na gaya mata abin da na yi da shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta rufe kwamfutarta ta ce in hau mashin gobe in je in faɗa wa Mama Rifkatu gaskiya, kafin a tara mutane. Na yi mata alkawari.

Ban je ba. Na sa takalmi sau biyu na cire. A rana ta uku sai shaiɗanin da ya sa aka kore ni daga makaranta ya zo ya zauna kusa da ni. Na san waƙar, na san yaren, na san yadda Ishaku yake jan numfashi ta hanci kafin ya hau sama, na sha kwaikwayonsa a gabansa yana jifana da takalmi. Da tsakar rana na ja ƙofar shago na rufe, na yafa hankici a bakin waya, na kunna wani tsohon rediyo tsakanin tasha da tasha don ya ba da ɗan shuu. Na rera waƙar da muryar Ishaku, na ɗauka sau tara. Na sassauta murya kamar ta majinyaci, na sa tari guda a inda ya dace. Da na saurari na ƙarshe, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Kuma abin da ya fi ba ni kunya yau shi ne, a wannan lokacin alfahari na ji.

Ranar Asabar an kafa rumfa a tsakar gidan Ishaku, an ture cittar da aka shanya zuwa gefe. Hannatu ma ta zo daga Kaduna, tana zaton na riga na faɗa. Fasto ya yi wa'azi, zumuntar mata suka yi waƙa, sannan ya ce yanzu za mu ji ɗan'uwanmu da ya riga mu, ta hannun aboki mai aminci wanda ya adana mana shi. Aka juyo ana kallona. Na tashi da babbar rigata na jona waya da lasifika.

Muryata ta cika gidan. Mata suka fara kuka tun layin farko. Wani dattijo da ya yi shekara ashirin yana tsayawa kusa da Ishaku a ƙungiyar mawaƙa ya cire hula ya rufe fuska da ita. Ƙanwar marigayin ta zube a ƙasa tana kiran sunansa, ana riƙe ta. Ina tsaye kusa da lasifika ina kallon mutanen da na sani tun ina yaro suna zubar da hawayen gaske a kan wani tsohon maƙaryaci da hankici. Na ɗaga kai sai muka haɗa ido da Hannatu. Ta dube ni, ta ɗauki jakarta, ta fita ta bayan rumfa. Sai da aka yi wata biyu kafin ta sake ɗaga wayata.

Mama Rifkatu tana zaune a kujerar gaba, hannuwa a cinya. Ba ta yi kuka ba. Kanta a ɗan karkace, kamar mai jiran wani abu. Waƙa ta ƙare, fasto ya ce amin, ya yi mini addu'a ta musamman, ya roƙi Ubangiji ya ƙara mana amintattu irina. Na ce amin tare da kowa.

Yanzu akwatin yana nan yana ƙugi a ƙarƙashin tebur. Hannatu ta ƙara wani faifai dabam da take kwafe komai a ciki ta tafi da shi Kaduna, inda yatsana ba ya kaiwa. Abin da na koya, a shekarun da ya kamata a ce ni ake tambaya, shi ne wuri huɗu da suke bin umarnin wawa ɗaya wuri ɗaya ne. Na kuma daina cewa na tabbata, ko da ana tambayata sunana.

Amma a ranar, bayan an fara watsewa, ina naɗe wayoyin lasifika da sauri don in gudu, sai ga Mama Rifkatu da kwanon abinci a hannu. Ita da kanta ta kawo, ba ta aiko kowa ba. Ta ajiye a kan benci, ta tsaya har na zauna. Ta yi magana a hankali yadda babu wanda zai ji.

"Baban Hannatu, ka yi ƙoƙari. Har tarin ma ka samu." Ta gyara ɗankwalinta. "Amma shi bai ƙarasa waƙar ba. A tsakiya yake tsayawa, ya ce, Rifkatu, kawo mini ruwa. Shi nake kunnawa in ji. Waƙar ai na iya ta."

Na riƙe cokali ina kallon shinkafa.

"Naka na ji," ta ce. "Yaushe za ka kawo mini nasa?"