Kwamfutar Falo da Robar Wake

Matata Hajara ta ce mu sayi ɗan akwatin kallo irin na yayanta, a jona wa talabijin a huta. Na dube ta cikin tausayi. Na ce wannan ai na waɗanda ba su san kan na'ura ba ne, ni kwamfuta zan haɗa mana da hannuna.

Na shiga Kano na tsinto kayan gwanjo, na kwana uku ina ɗaure-ɗaure a falo. Don kada ta yi zafi, na cusa mata fanka har biyar.

Ranar gwaji na ɗauko surukina takanas daga Kiru, na zaunar da shi a gaba, na kunna. Hoto ya fito tas, amma rugugin fankokin ya danne muryar mai labarai. Baba ya daɗe yana kallon bakin mutumin, sannan ya ce, "Hajara, bawan Allahn nan bebe ne?"

Ana cikin haka maƙwabciyarmu Inna Talatu ta yi sallama da robar jiƙaƙƙen wake, tana murna an kawo injin markaɗe kusa.

Har yau in na wuce majalisa sai wani ya tambaye ni, cikin ladabi, ƙarfe nawa muke tayar da inji.