Na Amsa Wa Rukayya Da Makirfo A Hannuna

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da wata Juma'a da na tsaya gaban Hausawan Doha ina koya musu tausayin mata. Ni malamin adabi ne a wata jami'a a nan, kuma inda na fi ƙarfi shi ne litattafan Turawa na ƙarni na sha tara, musamman masu ba da labarin matan da damuwa ta kayar. In aka taɓo wannan fanni ba na jin kira. (Abokaina suna cewa ko "ina gajiya" aka ce mini sai na kawo misali daga wani littafi.)

A lokacin matata Rukayya ba ta daɗe da haihuwar ɗanmu na fari ba. Da a Zariya muke, gida za ta tafi wankan jego, ta zauna cikin 'yan'uwa ana hira ana karɓar mata jariri. A nan kuwa bizar Innarta ta ƙi fitowa, sai ya zama daga ni sai ita a gidanmu na unguwar Al Thumama, sai jiragen da ke wucewa ta saman rufi.

Matanmu na nan suna da wata al'ada da suka tsara wa kansu. In mace ta haihu babu uwa kusa, sai su riƙa zuwa karɓa-karɓa, wannan ta wuni yau, waccan gobe, har a yi arba'in. Mu ma sun zo mana, da kunun kanwa da yaji da farfesu. Ni kuwa, da iyayina, na tare su a bakin ƙofa. Na ce kanwa tana da illa, ruwan zafin wankan jegon nan ma likitoci ba sa so, maijego hutu take buƙata. A kan kanwar ina da gaskiya har gobe. Abin da ban gane ba shi ne zaman da za su yi da ita ya fi kunun muhimmanci. Sannu a hankali suka ɗauke ƙafa.

Da na ga Rukayya tana yawan kuka ba dalili, sai na ƙara mata hutun. Na karɓe wayarta don ta samu barci. Na ja labule saboda zafin rana, duk da na lura tana son tsayawa a taga tana kallon jiragen nan. Ta ce tana so ta riƙa duba litattafanta, don malamar kimiyya ce kafin mu zo, na ce kar ta wahalar da ƙwaƙwalwa. In mun je rigakafin yaro ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta yadda take ji, ni nake amsawa, wai don a yi sauri. Wallahi duk a ganina ƙauna ce.

Ana haka sai ƙungiyarmu ta gayyace ni in yi lacca a taron wata-wata da muke yi a wani zaure a unguwar Nu'aija bayan la'asar. Na sa babbar riga, na karya hula, na ce wa Rukayya ta shirya, ai fita za ta yi mata amfani. (Gaskiya so nake ta ga yadda ake sauraron mijinta.) Ta zauna can baya a layin mata, da yaron a cinya.

Na yi bayani kamar ba gobe. Na faɗa musu yadda a litattafan nan mace za ta shiga baƙin ciki, sai miji da likita su haɗa baki su rufe ta a ɗaki, su hana ta alƙalami, su hana ta baƙi, su sa wa abin suna hutu. Na ce da yawansu da sauran hankalinsu aka rufe su, kaɗaici ne ya ƙarasa su. Da na ga mutane suna girgiza kai sai kaina ya ƙara kumbura. Na buga tebur na ce, "Amma mafi muni, jama'a, likita zai tambayi mace ina ke mata ciwo, sai miji ya yi caraf ya amsa! An ƙwace mata har bakinta!" Aka yi tafi. Wani Alhaji a gaba ya ce, "Allah ya ƙara basira, Malam."

Da aka zo tambayoyi sai Dakta Binta ta miƙe. Likitar mata ce, dattijuwa, tana cikin waɗanda na sallama a bakin ƙofa. Ta buɗe baki ke nan idonta ya faɗa kan layin baya.

"Lah, Rukayya ce? Maijego! Mun yi ta zuwa ana cewa kina barci. Yaya jikin, 'yata?"

Ni ina kan dandamali, makirfo a hannuna, a kunne. Ban san lokacin da bakina ya riga ni ba.

"Da sauƙi, Alhamdu lillahi. Hutu kawai take buƙata."

Lasifika ta kai maganar kowane lungu na zauren. Wuri ya yi tsit. Wani ya fara dariya, ya mayar da ita tari. Alhajin da ya yi mini addu'ar basira ya sunkuyar da kai yana gyara carbi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, har da babbar rigar.

Da kunyar ta tsaya nan da na gode Allah. Rukayya ta ɗago kai, muryarta ƙasa-ƙasa, amma shirun ya sa kowa ya ji.

"Anti, babu sauƙi. Ina jin kukan yaron nan in kasa tashi. Wani lokaci ina kallonsa kamar ɗan maƙwabta aka ba ni riƙo. Na so in faɗa, amma duk wanda ya tambaye ni, Malam ya riga ya amsa."

Ba ta faɗa da fushi ba, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo. Mata suka zagaye ta, ɗaya ta karɓi yaron, Dakta Binta ta riƙe mata hannu. Ni aka bar ni a tsaye ina laluben inda ake kashe makirfo.

Muka shiga mota muka nufi gida. Da muka kusa isa sai Rukayya ta ce, "Malam, matan nan na litattafanka, suna warkewa a ƙarshe?"

Na san amsar, don shekaru na yi ina koyar da ita. Na ce, "Yawancinsu ba sa warkewa."

Ta miƙo mini hannu. Ta ce, "To ka ba ni wayata."

Dakta Binta ta haɗa ta da likitar da ta dace, aka ce damuwar bayan haihuwa ce, kuma tana da magani. Ranar farko da likitar ta tambaye ta me take ji, sai Rukayya ta juyo ta dube ni tana jira in amsa, saboda abin da na sabar mata ke nan. Wannan kallon ya fi abin da ya faru a zaure ƙona mini rai. Na ɗauki yaro na fita, na zauna a benci ina share hawaye da hannun riga.

Matan sun dawo, da kununsu da komai, kuma ni ke buɗe musu ƙofa. Abin da na koya shi ne baki ba ya karanta littafi, sai an nemo masa abin yi. Shi ya sa Rukayya ta sayo mini dabino a kasuwar Souq Waqif, ta ce duk wanda ya tambaye ta jiki in jefa ɗaya a baki. Har yanzu ba ta gama warkewa ba. Wata rana takan ce da sauƙi, wata rana ta ce yau kam babu. Ni dai ina gefe ina tauna, ina saurare.