Ranar Da Na Shayar Da Kyaftin Sabulun Gashi

Ba zan taɓa mantawa da satina na biyu a gidan Hawaja ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina.

Lokacin ban daɗe da tsallakowa Jidda daga Sudan ba, ga amaryata da ƙaramin ciki a ɗan ɗakin da muka kama a unguwar Nuzla. Baba Idi, aminin mahaifina, shi ya samo min aiki a gidan da yake kuku a unguwar Ruwais. Mai gidan mutumin Girka ne, wakilin jiragen ruwa a tasha, kowa Hawaja yake ce masa. Ya yi alkawarin zama kafilina, wato mai tsaya min a yi min iƙama, takardar izinin zama, in ya ga aikina ya yi masa.

Ranar da aka kai ni gabansa ya tambaya ko na san aikin Turawa. Na ce, "Ba wanda ban iya ba, ya Hawaja. Babban otal na yi a Khartum." (Otal kam na yi. Sati uku, a bayan kicin, ina wanke tukwane. Ko ƙeyar baƙo ban taɓa gani ba.) Baba Idi ya kalle ni, ya kalli sama.

Wata Alhamis bayan la'asar Hawaja ya yi baƙo, kyaftin ɗin wani jirgi, ƙato mai gashin baki kamar tsintsiya. Da ma shi yake haɗa abin shansa da hannunsa, don Baba Idi tun ranar farko ya ce masa ba ya taɓa giya. Amma ranar sai ya so ya nuna wa baƙo cewa ya samu yaron otal. Ya ja ni gefe ya ce, "Barandi awo biyu, na'ana'a awo ɗaya. Ka sa ƙanƙara, ka girgiza sosai, ka tace a ƙananan kofuna. Yalla, maza."

Da na ce ni ma ba na taɓawa, ko na ce ban iya ba, da an wuce wurin. Sai na ji bakina ya ce, "Hadir," wato an gama.

Da yake giya haramun ce a ƙasar har ga Nasara, Hawaja a durowar banɗaki yake ɓoye tasa, cikin tarkacen matarsa Sitt, duk an ɓare takardun jikin kwalaben. Barandi bai ba ni wuya ba, warinsa kaɗai ya sa na yi istigfari. Na'ana'ar ce matsala, don kwalabe biyu ke ƙamshinta: ɗaya fara kamar ruwa, ɗaya koriya shar. Ga shi ba halin ɗanɗanawa. Baba Idi yana kicin yana soya kifi, taku goma tsakaninmu, amma ta yaya mutumin babban otal zai je tambaya? Na ce a raina, tun da nake ban taɓa ganin farar na'ana'a ba. Na ɗauki koriyar.

Da na girgiza na buɗe, sai kumfa ta taso har tana zuba. Wallahi daɗi na ji. Na ɗauka alamar ƙwarewa ce. Na jera kofuna a faranti, na fita ina tafiya ɗaɗɗaya kamar ango.

Hawaja ya tsaya yana kallon kofinsa. Shi kuwa kyaftin, bawan Allah, ƙishi yake ji, ya ɗaga ya kurɓa rabi. Idonsa ya yi ja. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga ƙwan kumfa ya fito ya maƙale a gashin bakinsa. Sitt ta shinshina kofin mijinta, ta dafe ƙirji ta ce da Larabcinta na koyo, "Sabulun gashina!"

Na so ƙasa ta tsage. Abin da nake gani kawai iƙamata ce tana tafiya, da fuskar matata in na koma gida. Baba Idi ya fito da cokali a hannu ya ce, "Ɗana, faɗa musu me ka yi a otal." Na sunkuyar da kai na ce, "Wanke-wanke."

Kyaftin, da ya gama kurkure baki, ya tambayi me na ce. Da aka fassara masa sai ya kece da dariya har da hawaye, ya ce ai ga shi nan ya ga aikin, an wanke shi tas. Hawaja ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Daga yau gahawa da shayi kawai, kuma Idi ya ɗanɗana kafin ka fito da shi."

A hanyar gida Baba Idi bai yi min faɗan sabulu ba. Cewa ya yi, "Kunyar 'ban iya ba' ta sa ka ɗauki abin da ka san bai kamace ka ba. Allah ne ya so ka, ya tsayar da abin a kumfa."

Shekara tara na yi a gidan. Tun daga ranar, in aka tambaye ni abu, ko na sani sai na fara cewa a nuna min tukuna.