Ramin Haƙorin Adnan da Kallabin Hajiya Mero

"Sannu da zuwa, maigidana. Ina kukan da ka tahi da shi? Ko ka saida shi a mota?"

Hajiya Mero ke nan, mai alawar madara a Sheme, take tarbar jikanta Adnan. Tun da safe babansa ya kai shi asibiti a Ƙanƙara, don haƙorinsa na ciki ya yi rami har ya hana shi cin tuwo. Ita kuwa tana zaune gaban farantinta, ta ɗaure haɓa da kallabi, tana magana ta gefen baki.

"Lahiya lau, tsohuwa," in ji Adnan. "Ko uffan ban ce ba."

"Ƙarya! Tun daga nan na jiyo ihunka, har kajina suka watse. An ce da injin niƙa suke haƙar bakin mutum."

"Wa ya ce maki? Wani ɗan ƙaramin cokali likita ta sa, ta kankare baƙin wurin, ta wanke, ta cike ramin da wani farin abu kamar ƙullu. Duba."

Ya wangame baki. Ta leƙa, ta taɓe nata.

"Ɓarnar kuɗi. Haƙorin nono da zai faɗi da kansa? Da ka zo na turara maka hayaƙi, tsutsar ta hito da ƙafarta."

"Likita ta ce babu wata tsutsa. Zaƙi ne ke kwana a baki. In aka bar shi ya ruɓe, har na ƙasansa da zai hito sai ya ɓata. Ta tambaye ni mai ba ni alawa, na ce matata ce, ga ta can ta tsufa ba ta daina ɓarna ba."

"Ja'iri! Ni ka kai ƙara? Wa ke zuwa yana lashe mani faranti kamar mage?"

"To ke mi ya samu haɓarki?"

"Ado ne. Yayinsa ake yi."

"Adon da ya hana ki cin goro tun shekaranjiya? Laifi tudu ne, Hajiya. Ina hayaƙin naki?"

Hajiya Mero ma haƙori ke damunta. Gaskiyar magana, ta turara har idanunta sun yi ja, ta cusa kanumfari, ciwon ko gezau bai yi ba. Ɗanta, baban Adnan, ya yi ta lallashi ta bi su asibiti, ta ce ita ba mai sa mata ƙarfe a baki.

"Ashe wanzami ba ya son jarfa," in ji Adnan. "Haƙora nawa ma suka rage maki? In wannan ya tahi, sai dai mu riƙa dama maki kunu. Ni kuwa ba na zama da mata mai shan kunu."

"Ka sake ni mana! Manema na nan layi har Daudawa."

"Su ma duk giɓi gare su."

Dariya ta kuɓuce mata, ciwon ya soke ta, ta dafe kunci tana salati. Da ta lafa, sai ta sassauta murya.

"Tsakaninka da Allah, cokalin nan ba zafi?"

"Ɗan kaɗan. Kamar cizon tururuwa."

"To ka yi nasara. Ka gaya wa ubanka gobe da ni za a tahi. Amma kai za ka riƙe mani hannu."

"Zan riƙe. In kika yi kuka dai, duk Sheme sai ta ji."