Sammacin da Chaube Bai Gani Ba

"Dokar ƙarar nan tun 1908 aka rubuta ta, amma ni kaɗai na karance ta kaf," in ji Dinanath Chaube. "Alƙalai leƙa ta kawai suke yi."

Karatun nasa kuwa a gindin darbejiyar ƙofar kotun Barabanki ya yi shi, inda ya shekara talatin yana buga wa mutane takardun koke da tafireta. Ka ga kenan, kusancinsa da shari'a irin na ƙuda da tukunyar miya ne.

To, malamin namu ya gina baranda, ta cinye rabin lungun maƙwabciyarsa Parbati, wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Ko kurar kayan miya ba ta iya shiga. Ta yi roƙo har ta gaji, ta kai ƙara a rushe.

Na ce, "Yaya Dinanath, ka je ka kare barandarka mana."

"Kai yaro ne. Shari'a ba ta farawa sai sammaci ya taɓa hannunka. Nawa hannun kuwa..." Sai ya cusa su a hammata.

Ranar da Mustakim mai kai sammaci ya zo, gogan ya haye saman soro ya laɓe bayan tankin ruwa. Matarsa Sarla ce ta fito.

"Ya tafi wankan ibada a kogi, can Haridwar."

"Inna, ga takalmansa nan."

"Ibadar ce ta yi ƙarfi."

Mustakim bai yi gardama ba. Doka ta ce in an rasa mutum a liƙa takardar a ƙofarsa, sai ya liƙa, shaidu biyu suka sa hannu, ya hau kekensa.

Chaube ya sauko yana dariya. "Doka ta ce ƙofa. In babu ƙofar fa?"

Ya ɓalle ta, ya kai saman soro. Kwana huɗu gidan a hangame. Kotu dai ba ta shigo ba, birai ne suka shigo. Suka yi walima da garin alkama, babbansu ya tafi da tabarau ɗin maigidan.

"Sarkin lauyoyi," in ji Sarla, "kai ƙarar biri. Liƙa masa a ƙofa."

Abin da bai kai ga karantawa ba shi ne, in ka ƙi zuwa, alƙali zai saurari ɓangare ɗaya ya yanke. A ƙasar da jika ke gadon shari'ar filin kakansa, ta Chaube wata huɗu ta yi. A rushe baranda.

Saura dabara ɗaya: ya gamsar da kotu cewa bai san da sammacin ba, a soke hukunci, a sake zama. Ya ƙi ɗaukar lauya. Ya yi rantsuwa cewa yana Haridwar, ruwa har wuya. Maganar gaskiya ya yi ƙoƙari, har ni na fara jin sanyin kogin.

Alƙaliyar, wata mai fama da mura, ta ɗauko rahoton Mustakim tana karantawa. "An liƙa takardar ranar Talata, da ƙarfe goma na safe."

Chaube ya yi murmushin mutumin da ya kama kotu da kuskure. Sarla ta ja masa riga. Ina!

"Ranki ya daɗe, a gyara. Laraba ce, bayan azahar. Kuma a karkace ya manna ta, ina kallonsa daga bayan tanki."



Alƙaliya ta share hanci, ta dubi magatakarda. "Rubuta Laraba. Kotu ta gode."

Ranar rusau, Parbati ta bi lungu gida-gida tana rabon alewa, yadda ake yi in an ci shari'a. Ta iske shi tsaye kan ɓaraguzai, ta ɗora masa biyu a tafin hannu.

"Ɗaya taka ce, Yaya. Ɗayar ta lauyana ce, ya ce a ba ka. Wai kai ka yi aikin."