Man Takalmi da Farar Shaddar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shafa wa kujerun motata man takalmi ba. Ko na so in manta, surukina ba zai bari ba.

Motar tsohuwa ce, Allah kaɗai ya san hannu nawa ta bi kafin ta iso gare ni. Injinta lafiya lau, in dai ka yi mata haƙuri da safe. Kujerun ne abin kunya. Irin na ledar nan ne mai ɗinki layi-layi, da can baƙaƙe ne, amma ranar Jibiya ta cinye su har sun koma kalar bayan jaki. Ni da nake jigilar buhunan gero da 'yan kasuwa da kajinsu, ban taɓa damuwa ba.

Sai aka ce mahaifin matata, Alhaji Idi, zai zo daga Maraɗi, shi ne waliyyin 'yar ƙanensa da za a ɗaura wa aure a Riko. Nan take na ce ni zan ɗauko shi daga bakin iyaka. Ina da dalilina. Lokacin da na nemi auren Hadiza, a kan wani babur mai tari nake zuwa, kuma na ji wasu dangi sun ce da me zan riƙe ta. Alhaji ne ya tsaya kai da fata ya ba ni. Tun daga nan nake burin wata rana ya gani da idonsa cewa bai yi zaɓen tumun dare ba.

Na je wurin mai gyaran kujeru, ya faɗi kuɗin sabuwar leda, na ce masa ina zuwa (har yau yana jirana). A hanyar gida na ga wani mai goge takalmi ya mai da tsohon takalmi sabo fil, sai dabara ta faɗo mini. Na ce leda da fata ai duk kanwar ja ce. Na sayi baƙin man takalmi, na ƙara masa ɗan man gyaɗa don ya yi sheƙi, na tuɓe riga na hau aiki.

Hadiza ta leƙo ta tsaya tana kallona.

"Baban Ummi, ka shimfiɗa zane mai kyau mana, ka huta."

"Zane? In ɗauko Baba kamar a motar haya?"

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta koma ciki. Da ina da wayo, da na ji muryar da ta faɗe shi da ita.

Da safe kujeru suka fito suna ɗaukar ido. Na dangwala yatsa, babu abin da ya biyo. (Tawa kujerar ban shafa ba, man ya ƙare, na ce ai jikina zai rufe ta.) Na isa bakin iyaka da wuri, na ajiye motar a rana, na ɗaga gilasai gaba ɗaya don kada hayaƙin manyan motoci ya ɓata mini ado. Alhaji ya daɗe bai ƙetaro ba, lokacin kuma tsakiyar bazara ne. Wato ni da kaina na hura murhu na rufe tukunya.

Ya iso cikin farar shadda tas, ta sha guga. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe masa gaba.

"Masha Allah," ya ce. "Wagga mota taka ce? Kai, ta yi kyawo." Ya zauna, ya gyara riga, ya ɗan shaƙi iska. "Ƙamshin mi nika ji haka, kamar ƙuli-ƙuli?"

Na ce turaren mota ne, Baba. Daɗi ya cika ni, har na riƙa tuƙi da hannu ɗaya. Duk ramin da muka faɗa a hanyar Riko, ashe ƙara danna shi cikin man nake yi.

Da muka isa ya yunƙura zai fita, sai na ji wani sauti kamar ana ɓare filasta daga ciwo. Ya juya baya. Daga kafaɗa har ƙasa, kujerar ce zane a jikin shaddar, baƙi ƙirin, layi-layi, ko ɗinki ɗaya bai ɓace ba.

Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ambaton sunansa ba, ta yaya zan ce masa ya duba mazaunansa? Sai na manne masa a baya ina tare shi da jikina, ya yi dama in yi dama, ya tsaya gaisawa in tsaya. Har na ji wani dattijo yana cewa, "Ka ga surukin kirki, ko taku ɗaya ba ya barin shi."

Amma tabarmar gaba ta manya ce. Alhaji ya wuce ya zauna kusa da liman, ya ba jama'a baya, ni kuwa na koma sahun ƙarshe ina zufa. Kowa ya gani, kowa ya sunkuyar da kai. Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, har na fara tunanin Allah ya rufa asiri. Sai ga Malam Ɗanjuma, ɗan gwaggon Alhaji, abokin wasansa tun suna yara, mutum ɗaya tak da ke da ikon faɗa masa komai.

"Idi!" ya ce da ƙarfi. "Wa ya gasa ka haka? Kai ne naman walimar?"

Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta ɓarke. Alhaji ya jawo bayan rigarsa ya duba a hankali, sannan ya ɗaga kai ya nemo ni a cikin taron. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da za mu koma, tabarma aka ara aka shimfiɗa masa a kan kujerar. Da muka hango iyaka sai ya juyo ya dube ni.

"Tun ina yaro nika ƙetare iyakar ga," ya ce, "ba a taɓa buga mini tambari a baya ba sai yau. Ka gani tun da na sauka ko?"

"Na gani, Baba."

"Kunya ta hana ka hwaɗi. To, kunya ado ce. Amma ran da ka ga wuta ta kama rigata, don Allah aje adon ka yi magana." Ya ɗan yi murmushi, ya buɗe ƙofa. "Kuma ka daina wahal da kanka. Ni ba mota na ba ɗiyata ba."

Sai da ya ɓace cikin mutane sannan na iya tada motar, don idona ya cika da hawaye.

Shaddar ba ta wanku ba, marina ya kai ta aka rine ta baƙa. Yanzu duk zuwan da zai yi, ita yake sakawa, kuma ba ya yarda kowa ya ɗauko shi sai ni. Yana ƙetarowa zai buɗe hannuwa ya ce, "Na shiryo, kawo motar."

Abin da na koya kuwa, man takalmi na takalmi ne, kuma in matarka ta ce ka shimfiɗa zane, ka shimfiɗa zane.